Fasali A Kan Himmar Mabiya Da Hankalin Shugaba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa, ga mas'ala: idan jama'a suka zo wa shugabansu da zafin himma, suna son a zuba dukiyar zawiya a wani ciniki, shi kuwa ya hango hasara, ya bi su ko ya hana?

Ka sani, Allah ya yi maka rahama, a Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, ra'ayin Annabi (S.A.W.) shi ne a zauna cikin Madina. Samarin da ba su halarci Badar ba suka nace a fita, ya karɓi shawararsu. Amma bai bar al'amarin ga himma kaɗai ba, sai da ya tsara rundunar, ya ajiye maharba 50 a kan tudu. Da mafi yawansu suka sauka, musiba ta auku, sahabbai 70 suka yi shahada.

A Hudaibiyya kuwa, shekara ta 6, sahabbai kimanin 1,400 suna ɗokin Umra, ya ƙulla sulhu, aka koma ba a shiga Makka ba. Abin ya yi wa Sayyidina Umar nauyi ƙwarai. Bayan shekara 2 aka buɗe Makka da mutum 10,000.

To, daga nan muka fahimci cewa idan hanyoyi biyu duk suna da hujja, shugaba na iya bin jama'arsa, ya kuma tsare su da tsari. Idan kuwa ya ga abin da ba su gani ba, wajibi ne ya tsaya, ko da za a ji haushinsa, musamman a kan dukiyar amana, wadda kwabon tsohuwa da maraya ke cikinta.

Idan ka ce hani yana kashe himma, sai mu ce: hanin da ba bayani ne ke kashe ta. Ya ƙidaya jari a gabansu, ya tambayi dattijon da ya yi shiru, sa'an nan ya ba samari wani aikin da ƙarfin asusu zai ɗauka.

Allah ya ba shugabanninmu basira, ya ba mu ladabin bi. Amin.