Hoton Tsuntsu a Sama da Tambayar Motsi

Hoton tsuntsu yana cikin tashi yakan nuna abin da ido ba ya iya kamawa da kansa: fukafukai a shimfiɗe, kowane gashi a rarrabe, tsuntsun a rataye tsakanin sama da ƙasa. Daga irin wannan hoto wata tambaya ke tasowa wadda ta girmi kyamara da fiye da shekara 2,000. Idan a kowane hoto tsuntsun wuri ɗaya yake, kuma tashinsa bai wuce jerin irin waɗannan lokuta ba, to a ina motsin yake?

Wanda ya fara kafa tambayar shi ne Zeno, mutumin Eliya a kudancin Italiya, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da kibiya ya yi misali. Ya ce a kowane ɗigon lokaci kibiyar da aka harba tana cike da wuri daidai girmanta, kuma abin da ke cike da wuri daidai girmansa a tsaye yake. In lokaci tarin ɗigo ne, kibiyar ba ta taɓa gusawa ba. Aristotil ya amsa masa a littafinsa kan ilimin ɗabi'a da cewa kuskuren a tushe yake: lokaci ba tarin ɗigo ba ne. “Yanzu” iyaka ce kawai tsakanin abin da ya wuce da abin da ke zuwa, ba ta da faɗi, don haka ba a cewa abu yana motsi a cikinta, ba a kuma cewa yana tsaye. Dukansu biyu suna bukatar tsawon lokaci.

Malaman ilimin kalam sun ɗauki mas'alar da muhimmanci, domin ta shafi hujjar cewa duniya fararriya ce. Wanda ya karanta Ummul Barahin ta Shehu Sanusi, wadda aka daɗe ana karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa, ya san cewa hujjar ta dogara a kan jiki ba ya rabuwa da motsi ko tsayuwa, kuma dukansu masu faruwa ne. Ash'ariyya, irin su Alƙali Baƙillani wanda ya rasu a 1013, sun tafi a kan cewa jiki haɗe yake daga ƙwayoyin da ba sa rabuwa, kuma siffofin da ke bijiro masa ba sa wanzuwa lokaci biyu. Allah ne ke sabunta su a kai a kai. A wurinsu motsi shi ne kasancewar abu a wuri biyu cikin lokaci biyu, tsayuwa kuwa kasancewarsa a wuri ɗaya cikin lokaci biyu. Wannan fahimta ta yi daidai da yadda suke kallon aya ta 19 a Suratul Mulk da ta 79 a Suratun Nahl, inda aka ja hankalin mutum ga tsuntsaye a sararin sama da Wanda ke riƙe da su. Ibrahim Nazzam na Basra, Bamu'utazile, ya ƙi batun ƙwayar da ba ta rabuwa, sai ya ce mai tafiya yana tsallake wasu sassan hanya ba tare da ya bi ta kansu ba. Ibnu Sina ya bi sahun Aristotil. Abin lura shi ne, duk da nisan da ke tsakaninsu, Aristotil da Ash'ariyya sun haɗu a wuri ɗaya: ɗigon lokaci shi kaɗai ba ya nuna motsi, ba ya kuma nuna tsayuwa.

A ƙarni na 19 aka fara sa tsuntsu a gaban na'ura. A 1882 Etiyen-Jul Mare, masanin aikin gaɓoɓi a Faransa, ya ƙera kyamara mai siffar bindiga wadda ke ɗaukar hoto 12 a sakan ɗaya, kowanne cikin kashi 1 bisa 720 na sakan. A 1884 Otomar Anshuts na Jamus ya ɗauki hotunan farar shamuwar Turai tana tashi da sauka, hotunan da Oto Liliyental ya amfana da su a nazarinsa na tashin ɗan Adam. Aikin Mare ya nuna fili cewa fiffike yakan buɗe sarai in zai sauka, ya ɗan naɗe in zai koma sama. Daga nan mutum na iya ɗauka kyamara ta gaskata Zeno, tunda ga motsi an yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a tsaye.

Aikin mai ɗaukar hoto ba ya goyon bayan wannan zato. Kyamara tana da ƙyaure da ke buɗewa haske ya shiga, sannan ya rufe. Masu ɗaukar tsuntsaye sukan saita shi a kashi 1 bisa 2,000 na sakan ko ƙasa da haka, da dogon madubi mai milimita 400 zuwa 600. Komai ƙanƙantar wannan lokaci, tsawo ne da shi. Tantabarar da ke tafiyar kilomita 60 a awa takan gusa wajen milimita 8 kafin ƙyauren ya rufe. Shahon da ya sulmuyo kan farauta da gudun kilomita 300 a awa yakan ci santimita 4. Hoton yana fita garau ne kawai saboda gusawar ta yi ƙanƙanta ga ido, ko kuma saboda mai ɗauka ya bi tsuntsun da kyamararsa. Da za a rage buɗewar ƙyauren ta koma babu, haske ba zai shiga ba, hoto ba zai samu ba. Ke nan duk hoton da ke duniya taƙaitaccen tarihin wani ɗan lokaci ne.

Dabarar bin tsuntsu da kyamara ta fi kowace fito da wannan. Mai ɗauka yakan rage saurin ƙyauren zuwa kashi 1 bisa 60 na sakan, ya kafa ƙafafunsa, ya juya ƙugu yana tafiya da tsuntsun daidai gudunsa. In ya dace, kan tsuntsun ya fito tsaf, bakin fukafukai ya yi dishi-dishi, itatuwa da ruwan da ke baya su zama zane-zane a kwance. A wannan hoto itacen da ke kafe shi ne ya bayyana yana gudu. Abin da kyamara ke rubutawa shi ne motsin abu dangane da ita kanta. Irin wannan hoto ya fi faɗin gaskiya game da tashi a kan wanda aka daskarar da kowane gashi.

Akwai kuma abin da ke ɓoye a cikin na'urar. Yawancin kyamarori ba sa ɗaukar dukan hoto a tare. Layi-layi suke karanta shi daga sama zuwa ƙasa. Shi ya sa fiffike mai saurin kaɗawa kan fito a lanƙwashe, domin samansa da ƙasansa ba lokaci ɗaya aka ɗauke su ba. A 2023 kamfanin Sony ya sanar da kyamarar a9 III wadda ke karanta dukan hoton a tare; ta kawar da lanƙwasar, amma ita ma sai ta buɗe na wani ɗan lokaci. Haka nan mai ɗaukar hoto 20 a sakan, kowanne a kashi 1 bisa 2,000, kashi 1 cikin 100 na sakan ɗin kawai ya gani. Sauran 99 sun wuce ƙyauren yana rufe, kuma mafi yawan tafiyar tsuntsun a nan ta faru. Tsallaken da ake gani tsakanin hoto da hoto na kyamara ne, ba hujja ba ce ga Nazzam.

Duk da haka kyamara ba ta raba gardamar Aristotil da Ash'ariyya ba, kuma ba za ta iya ba. Idan lokaci yana da ƙwayar da ba ta rabuwa, ta fi abin da kowane ƙyaure ke iya yankawa ƙanƙanta nesa ba kusa ba, har hoto ɗaya zai ƙunshi ɗimbinsu. Idan kuma ba shi da ita, hoton zai fito yadda yake fitowa yanzu. Abin da aikin ya rushe shi ne matakin farko na hujjar Zeno in an ɗora ta a kan hoto, wato cewa an ga tsuntsun a tsaye a wani ɗigon lokaci. Ba a taɓa ganin haka ba, domin babu hoton da aka taɓa ɗauka cikin ɗigon lokaci.