Ƙarin kuɗin lauya a inshorar mota: halaccinsa da amfaninsa

Inshorar mota a Nijar kashi biyu ce. Akwai wadda doka ta tilasta, wato ta biyan diyyar ɓarnar da mota ta yi wa wani a jikinsa ko a dukiyarsa. Tushenta kundin dokokin CIMA ne, ƙungiyar ƙasashe 14 na Afirka da aka kafa da yarjejeniyar Yawunde a 1992, kundin kuma ya fara aiki a 1995. Sai kuma ƙarin da mai mota ke zaɓa da kansa: sata, gobara, fashewar gilashi, raunin direba, da ɗaukar nauyin shari'a, wanda takardun kamfanoni ke kira défense et recours. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi araha, shi ne kuma aka fi sa hannu a kansa ba tare da an karanta ba, domin sau da yawa ana haɗa shi cikin jimillar kuɗin da ake biya.

Aiki biyu yake yi. Idan an gurfanar da direba gaban alƙali bayan haɗari, kamfani zai ɗauki nauyin kare shi. Idan kuwa wani ne ya buge shi, kamfani zai bi masa hakkinsa wajen mai laifin ko wajen kamfaninsa, da lalama ko ta kotu. Ba ya biyan tarar da alƙali ya ci direba, ba ya gyara mota da aljihunsa, kuma yana da iyakar kuɗin da ba ya wucewa.

A unguwa irin Saga, da ke gefen kogi a kudu maso gabashin Yamai, hanyar Kollo ce ke haɗa taksi da faba-faba da babura da amalanken jakuna masu fitowa daga gonakin shinkafa. Idan aka yi karo, kafin 'yan sanda su zo su yi konsta, wato rahoton haɗarin, jama'a sun taru, dattawa sun shiga tsakani, ana ta «a yi haƙuri, ƙaddara ce». Akasarin ƙananan haɗurra nan suke ƙarewa: a je gareji, a raba kuɗin gyara, kowa ya kama gabansa. Wannan sulhu alheri ne, addini ma ya yaba shi. Amma yana da rauni guda da ba a cika faɗa ba. Wanda ake roƙo ya yi haƙuri yawanci shi ne maras ƙarfi, wanda bai san kowa a ofis ba, bai kuma iya karanta takardar Faransanci ba. Haƙurin da mutum ya yi don ba shi da wata hanya ba ɗaya ba ne da yafewar wanda ke da ikon karɓar hakkinsa ya bari.

Ta fuskar fiƙihu maganar ta fi zurfi. Ibn Abidin, malamin Hanafiyya na Dimashƙa da ya rasu a 1836, yana cikin na farko da suka duba inshorar kayan jiragen ruwa, bai kuma halatta karɓar kuɗinta a irin surar da ya gani ba. A 1978 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa a Makka ta haramta inshorar kasuwanci, sai Mustafa al-Zarƙa ya saɓa wa sauran. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a Jidda ta bi sahu a 1985. Hujjar da aka fi kafawa ita ce garari, wato ciniki a kan abin da ba a san zai samu ko ba zai samu ba, wanda hadisi ya hana. Sai kuma kamanni da caca, da riba, tunda kuɗi kaɗan ake bayarwa a karɓi mai yawa daga baya. Al-Zarƙa ya amsa da cewa abin da mai inshora ya saya kwanciyar hankali ce, kuma ya same ta tun ranar da ya biya. Ya kuma kawo misalin aƙila, dangin da ke haɗuwa su biya diyyar kisan kuskure.

Malaman da suka haramta ma sun yi uzuri a kan inshorar tilas, domin wanda hukuma ta matsa wa ba shi da zaɓi. Matsalar ƙarin lauya ita ce ba shi da wannan uzurin: babu ɗan sandan da zai tsayar da mota don rashinsa. Wanda ya riƙi fatawar Jidda yadda take, hukuncinsa a bayyane yake.

Sai dai akwai bambancin da ya kamata a tsaya a kansa. A inshorar sata ko gobara, kuɗi ne ke dawowa a madadin kuɗi. A ƙarin lauya kuwa abin da ke dawowa aiki ne: rubuta takardu, bin fayil, tsayawa gaban alƙali. Wakilci a husuma abu ne sananne a littattafan Malikiyya, kuma karɓar lada a kansa halas ne. Don haka zargin riba ya yi rauni a nan ƙwarai. Zargin caca ma haka, domin mai motar ba ya fita da ribar ko dala. Iyakarsa ya karɓi hakkin da dama nasa ne. Garari dai yana nan, tunda shekara na iya ƙarewa ba a buƙaci lauya ba. Amma Malikiyya sun daɗe da sassauci ga garari ƙanƙane da buƙata ta jawo, kuma malaminsu al-Ƙarafi ya nuna cewa garari ba ya ɓata kyauta yadda yake ɓata ciniki. A kan wannan asali aka gina takaful, inda kowa ke zuba gudummawa a asusu ɗaya don a taimaki wanda abu ya samu. Kamfanin farko irinsa an buɗe shi a Sudan a 1979, CIMA kuma ta fitar da ƙa'idojinsa a 2019. Inda aka sami ƙarin lauya ta wannan hanya, saɓanin ya kusa gushewa. Inda ba a samu ba, ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne cewa wannan ƙari ya fi sauran ƙare-ƙaren kusa da halas, musamman ga mai buƙata ta gaskiya.

Saura batun amfani. Kundin CIMA ya wajabta wa kamfanin mai laifi ya fara gabatar da tayin diyya ga wanda ya ji rauni kafin a kai ga kotu, kuma ana lissafin diyyar da ma'auni da ke jingine da mafi ƙanƙantar albashi. Wanda bai san ma'aunin ba, zai iya karɓar tayin da bai kai hakkinsa ba, ko fayil ɗinsa ya kwanta wata da watanni. Ga kuma abin da direbobi da yawa ba su sani ba: inshorar tilas ta mota ba ta biyan raunin direban motar da kansa. Direban taksi da abincin gidansa ya rataya ga mota ɗaya, idan wani ya buge shi, ba shi da mai bi masa hakki sai shi. Irin wannan mutum ƙarin ya cancanci kuɗinsa. Mai motar da ba ta cika fita ba, ko ma'aikatar da ke da lauyanta, buƙatarsu ba ta kai haka ba, uzurinsu a shari'a ma ya ragu daidai da raguwar buƙatar.

Akwai wuraren da ƙarin ba ya tsinana komai. Idan mai laifin ɗan kabu-kabu ne maras inshora, maras abin hannu, ko an ci nasara a kotu babu abin karɓa. Idan motocin biyu a kamfani ɗaya suke, mai bin hakkin shi ne kuma mai biya, kuma ya dace mai mota ya tambaya tun farko ko yana da damar zaɓar lauyansa. Sauran abubuwan dubawa a takardar su ne iyakar kuɗin da kamfani zai kashe, mafi ƙanƙantar ɓarnar da yake yarda ya kai kotu a kanta, da wa'adin sanar da haɗari. Tun 2011 kuma doka ta ce alkawarin inshora ba ya aiki sai an biya kuɗinsa, don haka takardar da aka karɓa bashi ba ta kare kowa.