Kuɗin Jami'a da Haƙƙin 'Yan'uwa a Ƙasar Gobir

Ɗalibin Sabon Birni ko Isa da ya gama sakandare hanya biyu gare shi ta neman digiri. Akwai ta gwamnati, wato Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka kafa a 1975 da kuma Jami'ar Jihar Sakkwato. Akwai kuma ta kuɗi, irin Al-Qalam ta Katsina wadda aka kafa a 2005, ko Jami'ar Maryam Abacha da ke Maraɗi, garin da Bagobiri ba ya ɗaukarsa baƙon wuri, tunda danginsa suna nan Tsibiri.

Malaman Malikiyya sun halatta wa malami karɓar lada a kan koyarwa, saboda haka ba a halaccin jami'ar kuɗi gardamar take ba. Abin dubawa shi ne me kuɗin ke sayowa. Galibi ba fifikon ilimi ba ne, domin babban asibitin koyarwa da gogaggun malamai na Sakkwato a hannun gwamnati suke. Gurbi ne da lokaci. A jami'o'in gwamnati, yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya ci wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022, ɗalibai suna zaune gida. Ga yarinyar da iyayenta suka jinkirta aurenta don ta kammala, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Nauyin maganar yana ga wanda zai biya. Arzikin magidanci a wannan yanki gona ce da bisashe, kuma 'yan bindiga sun kore shanu da yawa, suna ɗora wa ƙauyuka haraji kafin a yi noma ko girbi. Wanda ya sayar da fadamarsa ta bakin gulbi, inda ake samun albasar da ke riƙe gida da rani, don ɗa guda ya shiga jami'ar kuɗi, ya taɓa abincin ƙannensa na yau da gadonsu na gobe. A hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida a kan kyautar da uba ya keɓe wa ɗa ɗaya, ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya. Gaskiya ne malamai sun bambanta kyauta da ciyarwa, wadda ake yi wa kowa gwargwadon buƙatarsa. Amma da wuya a kira tsadar jami'ar kuɗi buƙata idan ana koyar da fannin da ake nema a Sakkwato, kuma yaron ya sami gurbi.

Hukuncin yana sauyawa idan fannin farillar al'umma ce, wadda in wasu suka yi ta sauka a kan saura. Garin da mata ke haihuwa ba likita mace yana buƙatar 'yarsa ta karanta likitanci ko jinya, ko da a jami'ar kuɗi ne, idan gurbin gwamnati ya gagara. Sai dai tunda farillar ta jama'a ce, bai kamata a bar wa uba shi kaɗai ba. Dangi, masu hali da ƙungiyoyin ci gaban gari duk suna da kaso a ciki.

Ga wanda ya bi hanyar gwamnati kuwa, tun 2024 akwai bashin karatu na asusun NELFUND, wanda babu ruwa a cikinsa, abin da ya kawar da tsoron riba ga iyaye masu tsantseni. Ɗaliban makarantun gwamnati kawai ake ba wa, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa.