Motar Wa Ce? Tunani a Kan Haƙƙin Abokin Tafiya

Na sha gani a talabijin yadda Turawa kan ɗauki wata irin mota mai gado da murhu a cikinta, su kwashi abokai su bi gaɓar teku, inda rana ta faɗi musu nan ne gida. Mu a Sandamu ba mu da teku, domin kuwa kafin mutum ya ga ruwan Legas sai ya shafe fiye da kilomita 1,000. Amma sha'awar yawo ba sai da teku ba. Wata shekara, kwana biyu bayan hawan Sallar Gani ta Daura, mu biyar muka yi karo-karo muka ɗauki shatar bas, muka cire kujerun baya muka shimfiɗa tabarmi, muka loda risho da tukunya da shinkafa da zabi uku. Shirinmu shi ne mu fara da rijiyar Kusugu, mu wuce Kwangwalam mu leƙa bakin iyakar Nijar, sannan mu sauka a bakin madatsar ruwa ta Sabke mu yi girki. Wannan shi ne namu tekun.

A cikinmu akwai ɗan kasuwa, bari in kira shi Alhaji, wanda shi kaɗai ya biya rabin kuɗin motar. Akwai kuma wani tela wanda bai ba da ko kwabo ba, domin ba shi da shi, amma shi ya fige zabin, shi ya yi lodi. Mun baro Kwangwalam ke nan, sai muka iso wata mararraba, tela ya yi gyaran murya ya ce, "Alhaji, don Allah ko za a ɗan ratse nan? Goggona na kwance ba lafiya a ƙauyen can, ko minti goma ne in gaishe ta." Alhaji ya dubi agogo ya ce, "Haba Malam, ai ba zumunci muka fito ba. A bari sai mun dawo." Ni ne na fara cewa gaskiya ne, rana tana yi. Masu iya magana sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Mun isa Sabke, mun ci, mun sha, mun ɗauki hotuna. Da muka juyo duhu ya riga ya yi, direba na sauri, muka wuce mararrabar nan ba wanda ya ce uffan. Goggon ta rasu kafin damina ta sauka. Tela bai taɓa yi mana gori ba, muna gaisawa har gobe, sai dai bai sake shiga mota ɗaya da mu da sunan yawo ba.

To, ga tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: shin mun yi laifi? Kada mai karatu ya yi saurin yanke hukunci, domin Alhaji yana da hujja. An yi shiri tun daga gida, kowa ya amince, ba a kuwa ambaci wata goggo ba. Mutum huɗu suna son abu, mutum ɗaya yana son wani, me zai sa a bi ɗaya? Bugu da ƙari, idan kowa ya kawo tasa buƙatar, wannan ya ce surukinsa, wancan ya ce mai bin sa bashi, sai rana ta faɗi ba a je ko'ina ba. Wanda kuma ya fi zuba kuɗi, ai ba a ce ya zama ɗan kallo ba.

Duk wannan gaskiya ne, amma gaskiyar motar haya ce. Idan ka shiga mota a tashar Daura za ka Kano, kujera ka saya, Kano kake nufi, wanda ke kusa da kai kuwa tsautsayin zama ne kawai ya haɗa ku. A nan kuɗi da rinjaye su ne alƙalai, ba kuwa wanda zai zarge ka. Tafiyar abokai ba haka take ba. Ruwan Sabke yana nan kullum, kowannenmu zai iya hawa babur ya je shi kaɗai ya gani. Abin da ya sa muka haɗu a mota ɗaya shi ne muna son mu wuni tare. Ashe ke nan Sabke dalili ne kawai muka nema, ainihin abin da muka fito dominsa yana zaune a kan tabarmar nan, har da tela. Da Alhaji ya ce ba zumunci muka fito ba, sai ya rushe tafiyar gaba ɗaya ba tare da ya sani ba, ni kuma na taya shi.

Kakanninmu fatake sun fi mu fahimtar wannan. A ƙarni na 19 ayarin goro kan tashi daga ƙasar Hausa zuwa Salaga ta ƙasar Gonja, cikin Ghana ta yau, tafiya ta watanni, har zuwa lokacin da yaƙin basasa na 1892 ya watsa kasuwar garin. Su neman riba suka fita, ba shaƙatawa ba, amma duk da haka ayari yana da madugu, yana da jagaba, kuma attajiri mai jakai da yawa da talaka mai jaki ɗaya zango guda suke sauka. Wanda aka bari a baya abincin 'yan fashi ne, saboda haka saurin ayari shi ne saurin mai rauninsa. Idan masu neman riba sun iya jiran juna, ina dalilin masu neman nishaɗi?

Akwai kuma abin da ya fi wannan zafi. Da Alhaji ne ya ce a ratse, na tabbata da mun ratse, har mu sayi lemo mu kai wa mara lafiya. Wato ba shiri muka kare ba, ba kuma lokaci ba. Aljihu muka duba. Tela ya san haka, shi ya sa ya roƙa sau ɗaya ya yi shiru. Labarin zuciya, a tambayi fuska, mu kuwa ba mu juya mun dubi tasa ba.

Ba ina cewa duk wanda ya ce a tsaya dole a tsaya masa ba ne. Abin da nake cewa shi ne, a tafiyar abokai a auna nauyin buƙatar, kada a auna nauyin mai buƙatar. Minti goma na duba mara lafiya sun fi awa guda ta ɗaukar hoto, ko daga bakin wa roƙon ya fito.

Mu marubuta mukan ce tafiya mabuɗin ilimi, sai mu dawo mu cika takarda da bayanin duwatsu da koguna. Ni dai ilimin da na samo a wannan rana ba a bakin ruwa na tsince shi ba, a mararrabar da muka wuce ne. Ya kai ɗan'uwa mai sha'awar rubutun tafiye-tafiye, idan ka zo ba da labari, kada ka tsaya ga inda kuka je. Faɗa mana inda kuka ƙi tsayawa, da wanda ya roƙa, da abin da kai ka ce. Allah ya sa mu gane.