"Malam, ni nazari nake, ba caca ba"

Wani matashi ya turo min tambaya. Wai kafin ya sa kuɗi a tseren dawakin Ingila ta waya, sai ya duba na nawa dokin ya zo a tserensa na baya, nauyin da aka ɗora masa, wane ne mahayin, ƙasa ta jiƙe ko ta bushe. To wannan ma haram ne?

Ɗan'uwa, sanin doki ilimi ne, ban musa ba. Annabi (SAW) da kansa ya shirya tsere a Madina: dawakin da aka horar daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba ya rage musu zango, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Ibn Umar ma yana cikin mahayan.

Amma kai fa ba mahayi ba ne, ba mai doki ba. Ɗan kallo ne ya zuba kuɗi: ko ka kwashe na mutane, ko naka ya tafi. Shi ne maisir ɗin da ke Suratul Ma'ida, aya ta 90, nazari bai canza masa suna ba. Kamfanin kuwa ya riga ka lissafi, ribarsa na cikin farashin da ya ba ka.

Ka goge manhajar yau, ka tuba. Abin da ka ci in yana hannunka, ba mabuƙata, kar ka ciyar da iyali da shi. Wallahu a'alam.