Ciwon Fargaba: Raunin Imani ne, ko Lalura ce da Ake Nema wa Magani?

TAMBAYA

Allah ya gafarta Malam. Ni tela ne, ina da iyali. Wajen shekara guda ke nan, wata Juma'a ina tsakiyar sahu liman yana huɗuba, sai na ji gabana ya yanke ya faɗi. Zuciya ta shiga dukan uku-uku, gumi ya karyo mini, numfashi ya sarƙe, hannuwana suka yi sanyi ƙalau. Na sallama cewa ajali ne ya zo, na tsallake mutane na fice. Tun daga ranar abin yake dawo mini, wani lokaci ina kan keken ɗinki, wani lokaci cikin dare. An auna zuciyata da jinina a asibiti an ce lafiya lau, aka tura ni wurin likitan ƙwaƙwalwa, ya ce ciwon fargaba ne, ya rubuta mini ƙwayoyi. Kawuna ya ce raunin imani ne, mai ambaton Allah ba ya firgita. Mahaifiyata ta ce iska ce ko sammu. Yanzu na daina zuwa Juma'a don tsoro, ina maimaita alwala sau huɗu ko biyar, ina kokwanton raka'o'i, kuma munanan tunani game da addini suna faɗo mini. Shin imanina ne ya lalace? Ya halatta in sha maganin? Mene ne hukuncin Juma'ata da sallata da azumina?

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Allah ya ba ka lafiya, ɗan'uwa, ya sa wannan jarrabawa ta zame maka kaffara.

Amsar a dunƙule ita ce: abin da ke damunka lalura ce, ba hujja ba ce ta raunin imani. Shan maganin da ƙwararren likita ya rubuta maka halal ne, a irin halinka ma abin so ne, kuma yana iya zama wajibi. Shari'a ta yi maka rangwame a Juma'a da alwala da azumi gwargwadon lalurarka. Ga bayani dalla-dalla.

Na farko: tsoro da baƙin ciki ba sa kore imani

Alƙur'ani bai ɓoye mana halin da zukatan zaɓaɓɓun bayi suka shiga ba. A Suratu Yusuf, aya ta 84, an ba mu labarin Annabi Yaƙub (AS) da baƙin ciki ya kai idanunsa suka yi fari. A Suratu Ɗaha, aya ta 67, an faɗi tsoron da Annabi Musa (AS) ya ji a ransa ranar karawa da matsafa. A Suratu Maryam, aya ta 23, Nana Maryam ta yi burin da ma ta riga ta mutu saboda tsananin abin da ya same ta. Shi kansa Manzon Allah (SAW) ya dawo daga kogon Hira jikinsa yana rawa, ya nemi a lulluɓe shi, kuma Nana Khadija ba ta zarge shi ba, kwantar masa da hankali ta yi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'id da Abu Huraira hadisin da ya lissafa damuwa da baƙin ciki tare da gajiya da ciwo a cikin abubuwan da ake kankare wa mumini zunubi da su. Abin da aka sanya shi sanadin kankare zunubi, ta yaya za a mayar da shi kansa zunubi?

Kawunka ya yi gaskiya cewa zukata suna samun natsuwa da ambaton Allah, haka aya ta 28 a Suratur Ra'ad ta karantar. Inda ya kuskure shi ne ɗaukar cewa mai zikiri ba ya rashin lafiya. Natsuwar imani ita ce yarda da Allah da dogaro gare shi, tana iya zama daram a zuciyar mutum alhali jikinsa yana kakkarwa. Kai da ke kuka don ka rasa Juma'a, damuwarka da hakan ita kanta shaida ce a kan imaninka.

Na biyu: mene ne wannan ciwo?

Allah ya halicci jikin ɗan'adam da shirin ko-ta-kwana. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai jiki ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙaru, jini ya karkata zuwa manyan tsokoki don a gudu ko a kare kai. Wannan ni'ima ce. A wurin mai ciwon fargaba, wannan shiri yana tashi ba tare da haɗari ba, kamar mai gadin da ya busa usur ya tada unguwa alhali babu ɓarawo. Likitoci sun bayyana cewa irin wannan farmaki yakan kai ƙololuwa cikin mintuna kaɗan, galibi kamar goma, sannan ya lafa da kansa, kuma shi a karan kansa ba ya kisa duk da tsananin firgicinsa. Gado, da doguwar wahalar rayuwa, da mummunan abin da mutum ya taɓa gani, da ƙarancin barci duk suna da hannu a ciki. Ka kyauta da ka fara da gwaje-gwaje, domin ciwon zuciya, da ƙarancin jini, da matsalar halittar nan ta maƙogwaro da ke haddasa maƙoƙo suna iya kawo alamomi masu kama da waɗannan.

Ba kai kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba a duniya, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun kulawa. Ba kuma baƙon ilimi ba ne a wurin Musulmi. Abu Zaid Al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafin Masalihul Abdani wal Anfus, ya ware babuka a kan tsoro da firgici da baƙin ciki da waswasi. Ya bambanta baƙin cikin da ke da sananne dalili da wanda ke zuwa haka kawai daga yanayin jiki, ya nuna cewa na biyun yana bukatar a yi wa jiki magani.

Na uku: hukuncin shan maganin

Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Usama bin Sharik cewa Annabi (SAW) ya umarci bayin Allah da su nemi magani. Ya yi ƙaho, ya sanya sulke biyu ranar Uhudu, alhali shi ne shugaban masu tawakkali. Akwai ma dalilin da ya shafi mas'alarka kai tsaye: Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha takan sa a dama talbina, wato kunun sha'ir, a ba waɗanda aka yi wa rasuwa, saboda Annabi (SAW) ya bayyana cewa tana sanyaya zuciyar majinyaci kuma tana rage baƙin ciki. Ka ga an yi wa damuwar zuciya magani da abin da ake haɗiya. Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya tabbatar da cewa neman magani ba ya warware tawakkali, kamar yadda cin abinci don kore yunwa ba ya warware shi.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a shekarar 1992, ta yanke cewa magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko nakasa, yana zama mustahabbi idan barinsa zai raunana mutum. Ciwon da ya raba ka da masallaci, yake neman raba ka da sana'ar da kake ciyar da iyali da ita, mafi ƙarancin hukuncin maganinsa shi ne mustahabbi.

Idan damuwarka ita ce ko ƙwayoyin suna cikin kayan maye, to malamanmu na Malikiyya, kamar Al-Ƙarafi a littafinsa Al-Furuƙ, sun bambanta abin da ke bugarwa irin giya, wanda kaɗansa da mai yawansa haramun ne, da abin da ke sa barci ko kasala, wanda ya halatta a sha gwargwadon da ba zai gusar da hankali ba, balle don magani. Magungunan da aka fi bayarwa a wannan ciwo, irin su fluoxetine da sertraline, ba sa bugarwa. Sukan ɗauki makonni, sau da yawa huɗu zuwa shida, kafin amfaninsu ya bayyana sosai, don haka kada ka yi saurin cewa ba sa aiki, kada kuma ka yanke su rana ɗaya ba da sanin likita ba. Akwai wani rukuni irin diazepam mai saurin kwantar da jiki, amma jiki yana sabawa da shi, shi ya sa ake ba da shi na ɗan gajeren lokaci. Sayen irinsa a kemis ba da takardar likita ba, ko neman sauƙi a tiramadol da kodin, haramun ne, domin cutar da kai ne.

Ka tambayi likitanka game da jinya ta hanyar zantawa da masanin halayyar ɗan'adam, inda ake koya wa mutum gane tunanin da ke rura tsoro da fuskantar abin tsoron mataki-mataki. An tabbatar da amfaninta ƙwarai a wannan ciwo. Ana samun wannan kulawa a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri, da sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. Shiga waɗannan wurare ba shi ke nufin mutum ya haukace ba.

Game da maganar mahaifiyarka, ka lallashe ta da ladabi, ƙauna ce ta sa ta faɗa. Ruƙya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka inganta sunna ce, kai da kanka za ka iya yi wa kanka, kuma tana tafiya tare da maganin asibiti. Amma babu wanda ke da ikon yanke cewa aljani ne ko sammu ba tare da hujja ba, balle a ɗora wa wani ɗan'uwa ko maƙwabci zargi. Zuwa wurin boka haramun ne. Dukan majinyaci ko ɗaure shi da mari da sunan fitar da iska zalunci ne. Duk mai ruƙyar da ya ce ka zubar da maganin likita, ka rabu da shi.

Na huɗu: Juma'a

Rashin lafiyar da ke sa halartar masallaci ya yi tsanani uzuri ne karɓaɓɓe, malaman mazhaba sun ambace shi cikin uzurorin barin Juma'a. Ranar da ciwon ya ci ƙarfinka, ka sallaci Azahar raka'a huɗu, babu laifi a kanka. Juma'o'in da suka wuce ka saboda wannan lalura ba sa cikin gargaɗin da ya zo a kan mai barin Juma'a uku don sakaci. Sai dai ina yi maka nasiha kada ka mayar da rangwamen ya zama zaman dirshan, domin likitoci sun tabbatar da cewa guje wa wurin da ake tsoro yana ƙara wa tsoron ƙarfi. Ka fara da masallacin unguwa a sallar da ba cunkoso. Ranar Juma'a ka zauna a ƙarshen sahu kusa da ƙofa, ko a harabar masallaci, ko a kan titin da sahu ya haɗe da shi, sallarka ta inganta a can. Ka tafi da amininka wanda ya san halinka. Idan abin ya taso, ka ja numfashi a hankali ta hanci, ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja, ka tuna wa kanka cewa ya sha zuwa yana wucewa. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyar: waswasi a alwala da salla

A mazhabar Malik, wanda ya yi kokwanton ko alwalarsa ta karye yana sake ta, amma an cire wanda kokwanto ya aure shi, wato wanda yake zo masa kullum ko da sau ɗaya ne. Kai kana cikin waɗanda aka cire. Ka yi alwala sau ɗaya, kada wankin gaɓa ya wuce uku, ka tashi ka bar wurin ko da zuciyarka tana ce maka ba ta yi ba. A salla kuma, littattafan Risala da Ahalari duka sun karantar da cewa mai irin wannan kokwanto ya yi watsi da shi, kada ya kawo abin da yake kokwanto a kansa, ya yi sujada ba'adiyya kawai. Yin watsi da waswasi a nan shi ne bin shari'a, maimaitawar ce saɓa mata.

Munanan tunanin da ke faɗo maka kuwa, sahabbai sun kai wa Annabi (SAW) kukan irinsu, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, sai ya sanar da su cewa ƙyamar da suke ji ita ce tsantsar imani. Ya kuma tabbata cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma zancen zuci matuƙar ba a furta ko an aikata ba. Ka nemi tsari sau ɗaya ka ci gaba da harkarka, kada ka tsaya jayayya da tunanin, kada ka riƙa sabunta kalmar shahada saboda shi. Ka faɗa wa likitanka wannan ɓangaren ma, domin waswasi mai tsanani lalura ce da suka san maganinta.

Na shida: azumi

Yawancin waɗannan magunguna sau ɗaya ake sha a yini, ana iya mayar da lokacinsu sahur ko bayan buɗa-baki da shawarar likita. Idan amintaccen likita ya ce azumi zai tsananta ciwon, ko dole a sha maganin da rana, ka sha azumin ka rama bayan ka samu sauƙi, bisa aya ta 185 a Suratul Baƙara.

Bayan wannan, ka rage goro da shayi mai kauri da kofi da lemunan ƙara kuzari, domin sinadarin kafeyin da ke cikinsu yana tayar da bugun zuciya. Ka rage kwanan shago lokacin ɗinkin Salla, jikinka yana da haƙƙi a kanka. Ka riƙa tattaki, ka lazimci azkar na safe da yamma da addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki wadda Bukhari ya ruwaito daga Anas. Ka sanar da iyalinka gaskiyar abin da ke damunka. Idan kuma tunanin cutar da kanka ya taɓa zo maka, kada ka kwana da shi, ka faɗa wa na kusa da kai ku tafi asibiti a ranar, wannan wajibi ne.

Ga kawunka da sauran dangi ina cewa: ziyarar mara lafiya da tausasa masa magana haƙƙi ne da Musulunci ya ɗora muku. Jifan majinyaci da raunin imani magana ce a kan abin da ke cikin zuciya, wanda Allah kaɗai ya san shi, kuma tana hana mutane da yawa neman magani har ciwo ya yi nisa. Ku raka shi asibiti, ku yi masa addu'a, ku rufa masa asiri.

Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, da dukkan marasa lafiyar Musulmi.

Wallahu a'alam.