Sayar Da Ɗa Da Cin Kuɗinsa: Darasi Daga Gimbana

Ya 'yan'uwa Musulmi, tambayar da za mu duba a wannan mako ita ce: shin ya halatta jama'a su kau da kai daga zaluncin da ake yi wa waninsu domin su sayi zaman lafiya? In kuwa Allah Ya ba wanda aka zalunta iko, mene ne zai hana shi aikata abin da ya yi kuka da shi jiya?

Ya tabbata cikin Sahihul Buhari cewa akwai mutum uku waɗanda Allah da kanSa zai zama abokin husumarsu ranar Alƙiyama: wanda ya ƙulla alkawari da sunan Allah ya ci amana, da wanda ya sayar da ɗa, watau mutumin da ba bawa ba, ya ci kuɗinsa, da wanda ya sa ɗan ƙwadago aiki ya hana shi ladansa. Malaman ƙasashenmu sun daɗe da sanin wannan. A 1615 Shehu Ahmadu Baba na Tambutu ya ba da fatawa cewa baƙar fata ba ita ce dalilin bauta ba, kuma mutanen Kano da Katsina da Barno Musulmi ne, bai halatta a mallake su ba. Amma sanin hukunci daban, tsayawa a kansa daban, domin sarakuna suna bukatar dawaki da kayan yaƙi, bayi kuwa su ne kuɗin saye.

A ƙarshen ƙarni na 18 Sarkin Gobir Nafata ya hana jama'ar Shehu Usmanu naɗa rawani, ya hana matansu lulluɓi. Malam Abdussalami, ɗaya daga cikin almajiran Shehu, ya ƙaura da mutanensa zuwa Gimbana ta ƙasar Kabi. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta auka wa Gimbana, ta kashe waɗanda ta kashe, ta ɗaure sauran maza da mata da yara, ta bi da su ta kusa da Ɗagel. Da jama'ar Shehu suka ga 'yan'uwansu a ɗaure sai suka tare hanya suka kwance su. Yunfa ya aiko wa Shehu ya fita da iyalinsa ya bar jama'a, Shehu ya ƙi rabuwa da su, ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Kafin damina ta yi nisa an gwabza a Tafkin Kwatto, kuma wutar ba ta lafa ba sai da Alƙalawa ta faɗi a 1808.

To, wani yana iya cewa da mutanen Ɗagel sun yi haƙuri sun bar ayarin ya wuce, da ba a zubar da jinin dubbai ba, tun da fitina barci take yi. Wannan magana tana da nauyi, domin Shari'a ba ta wasa da jini. Amma sai mu tambaya, wane ne ya ta da fitinar, wanda ya kwance igiya ko wanda ya ɗaura ta? Zaman lafiyar da za a samu da shirun nan na 'yan kwanaki ne, gama sarkin da ya ga ya kama mutanen Gimbana ba wanda ya ce uffan, gobe Ɗagel zai nufa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mutanen Amurka sun jarraba wancan haƙurin. A 1820 suka shata iyaka tsakanin jihohin bauta da na 'yanci domin kowa ya yi shiru. A 1857 babbar kotunsu ta yanke cewa baƙin mutum ba ɗan ƙasa ba ne. A 1860 bayi sun kusa miliyan 4, a 1861 kuwa yaƙin basasa ya ɓarke, ya ci rayuka fiye da 600,000 kafin ya ƙare a 1865. Sulhun da aka gina a kan wuyan wani jinkirta yaƙi ya yi, ya kuma ƙara masa muni.

Tambaya ta biyu ta fi ɗaci. Gaskiya ne Shehu ya bayyana cikin Wasiƙatu Ahlis Sudan cewa bautar da 'ya'ya daga cikin Musulmi haramun ne. Amma jihadin bai kau da bauta kanta ba, ya dai iyakance wanda za a bautar. Da nasara ta zo, ganima ta yawaita, sai ya zama abu mai sauƙi a kira maƙwabci kafiri domin a halatta kama shi. Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, ya ga yadda zukata suka karkata ga ƙwaraƙwarai da dawaki da tufafi masu tsada, har ya bar rundunar da niyyar tafiya gabas, ya sauka Kano ya wallafa Liya'ul Hukkami domin ya tuna wa masu mulki iyakokinsu. A nan ƙasar Ɗanbatta ma, Ɗantunku wanda ya taimaki jihadi ya zare takobi tsakaninsa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo bayan 1819, Musulmi da Musulmi. Rinji da gandu suka cika karkarar Kano, har sai da Turawan mulkin mallaka suka yi doka cewa duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, aka kuma soke bauta baki ɗaya a 1936. Abin kunya ne a ce baƙo ne ya ƙarasa abin da Alƙur'ani ya buɗe wa ƙofofi, da ya sanya 'yanta wuya cikin kaffarar rantsuwa da zihari da kisan kuskure, ya kuma ba shi kaso cikin zakka.

Saboda haka abin da ke hana wanda aka zalunta zama azzalumi shi ne ya ƙi zalunci domin Allah Ya haramta shi, ko a kan wa ya faɗa. Wanda ya ƙi shi domin kansa kawai ya shafa, ranar da sanda ta dawo hannunsa zai yi duka.

Kada mu ce wannan labarin jiya ne. Mai sace mutum ya tsare shi a daji sai an biya fansa ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa, haka mai kai masa labari da mai sayen kayan da ya sato. Mai gonar da ya sa 'yan ƙwadago noma tun hantsi har la'asar sa'an nan ya ce su dawo ranar kasuwa, yana cikin hadisin nan guda. Uban da ya hana 'yarsa auren yaro mai addini da sana'a domin an ce kakansa bawa ne, ya riƙe igiyar da aka tsinke tun 1936, alhali kuwa watakila kakan nan ɗa ne aka kama shi bisa zalunci.

Allah Ya tsare mu da zama abokan husumarSa, Ya kuɓutar da waɗanda ke tsare, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Amin. Wassalamu alaikum.